Tsanin da Muka Sa wa Sunan Kawu Maina

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Maina, wan mahaifiyata. Ya rasu ana gab da faɗuwar damina, a makon da shamuwa suka fara gilmawa a sama. A shekarun baya in lokacin ya zagayo, sadaka muke yi, mu yi masa addu'a, kowa ya koma harkarsa. Bana na kasa yin shiru, domin bana ne garinmu ya zauna don ya yanke ko za a raba tsibirin da Kawu ya ƙare rayuwarsa yana tsaro, kuma ina da hannu a abin da ya kai mu ga wannan zama.

Wanda bai san ƙasarmu ba, bari in kwatanta masa. Daga Nguru har Gashuwa za ka yi ta tafiya ba ka yi tuntuɓe da dutse ba. Rairayi ne da ruwa da goruba, ƙasa a shimfiɗe har inda ido ya gaji. Mai gini ma in yana son tsakuwa, sai tifa ta kawo masa daga nesa. Amma a tsakiyar fadamar da ke bayan ƙauyenmu, tafiyar hantsi guda a kwalekwale, akwai wani tsibiri, a ƙarshensa na yamma kuwa wani jan dutsen marmara ya miƙe shi kaɗai, ya ɗara goruba mafi tsawo. Ba wanda ya san abin da ya kawo shi nan. Ina ƙarama nakan ɗauka wani baƙo ne da ya ɓata hanya, ruwa ya zagaye shi, ya haƙura ya zauna da mu. Tudun Shamuwa muke kiran wurin, domin a saman dutsen suke yin sheƙa.

Tsibirin ba na kowa ba ne, na gari ne. Babu gona a kansa, babu shinge. Ka'idarsa guda ce tun kakanni. Daga ranar da aka hango shamuwa sun fara kai kirare saman dutse, ba wanda zai sake taka tsibirin sai 'ya'yansu sun tashi. A cikin watannin nan dinya da kirinjijiya suke ƙyanƙyasa a ciyawar gefen ruwa, gauraka ma haka, kifi ya cika kududdufai, kaba ta yi tsawo. Matsalar ita ce daga ƙasa ba a ganin abin da ke saman dutsen. Dole mutum ɗaya ya hau ya leƙa. Mutumin nan shi ne Kawu Maina.

In damina ta yi nisa, yakan tafi shi kaɗai da sassafe, ya dawo bayan azahar. Mutane su taru a bakin ruwa suna kallon sandar tuƙinsa. In sandar tsirara take, kowa ya watse, da saura. Ranar da aka hango farin ƙyalle ɗaure a kanta, Bulama, mai garinmu, ya sa a buga ganga, washegari gari duka ya haye. Maza su shiga kududdufai da goruna da raga, mata su yanki kaba su tono bado, Fulani su koro shanu su yi iyo da su. Na sha zuwa wannan buɗi tare da matarsa, Ya Falmata. Ina tuna yadda ciyawa takan kai mu kafaɗa, da guzan da kan tsaya suna kallonmu kamar mu ne muka shigo musu ɗaki ba sallama.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ban taɓa ganin Kawu yana hawan dutsen ba. Ba wanda ya taɓa gani. Marmara dutse ne mai yaudara, ka kama nan ya riƙe ka, ka kama can ya marmashe a hannunka. Hanya ɗaya ce ke kai mutum sama, shi kaɗai ya san ta, ƙanin mahaifinsa ne ya nuna masa. Abin da muke gani kawai shi ne shaidar hawan: 'yar jakar toka da yake shafa wa tafin hannu saboda gumi, da jar ƙasa a gwiwar wandonsa, da yatsun ƙafarsa da suka buɗe kamar na agwagwa. Da yamma Ya Falmata ta zaunar da shi a kan turmi tana shafa masa man kaɗanya a tafukan da suka tsattsage, tana yi masa faɗa.

"Tsoho da kai kana manne wa dutse kamar ƙadangare. Ran da ka faɗo, ni dai ba ni da ƙarfin ɗauko ka."

"To wa ya ce ki ɗauko ni? Ki bar ni can, na fi jin daɗin maƙwabtan."

Na taɓa tambayarsa me ya hana shi koya wa wani. Lokacin ina makarantar sakandare a Nguru, na dawo hutu ina ji da kaina. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "'Yar boko, in na nuna wa ɗan wane yau, gobe zai nuna wa abokinsa don a ce ya iya. Kafin kaka sai ki ga ana shanya barkono a can sama." Ya ce zai zaɓi mutum ɗaya in lokaci ya yi. Ciwon ƙodar nan da ya addabi yankinmu ya kama shi, ya yi damina biyu yana fama, ƙafafu a kumbure, yana hawa a haka, kullum yana cewa in ya ji sauƙi zai ɗauki wani su tafi tare. Bai ji sauƙin ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Damina biyu da suka biyo bayan rasuwarsa, garinmu bai ji daɗinsu ba. Mutum biyu suka gwada hawa, ɗaya ya dawo daga rabi, ɗayan ya faɗo ya karye a hannu. Aka koma kintace. Masunta su ce lokaci ya yi, dattawa su ce da saura, makiyaya su ce ba za su tsaya shanu na ramewa ana musu ba. A shekara ta biyu har sandunan tuƙi aka ɗaga wa juna a bakin ruwa, aka fasa wa wani goshi. Ya Falmata ta daina zuwa bakin ruwan gaba ɗaya.

A nan ne na shigo. 'Yan asalin garinmu mazauna Nguru da Gashuwa suka yi taro kan rigimar, ni kuma ina shekarar ƙarshe ta karatu a Gashuwa, an san ni da iya tsara wasiƙa. Wani ya kawo shawarar a kafa tsanin ƙarfe a jikin dutsen, yadda duk wanda Bulama ya aika zai hau ya duba lafiya. Ni aka ba rubutun wasiƙar da za a kai wa dattawa. Na yi kwana uku ina gyara ta. Na rubuta cewa bai kamata gari guda ya sake rataya a hannun mutum ɗaya ba, kuma na ji daɗin jimlar ƙwarai, na yi ta maimaita ta a zuciya. Ni ce kuma na ƙara da cewa a sa wa tsanin sunan Kawu, don tunawa da shi. Dattawa suka amince. Mai walda ya zo daga Gashuwa da injinsa a cikin jirgi, ya kafa tsani mai madafa hagu da dama, a gindinsa aka ɗaure allon ƙarfe shuɗi da farin rubutu: Tsanin Maina Mai Dutse. Ranar da aka gama na yi kuka don murna. Na ɗauka na biya Kawu wani abu.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Bulama ya aika, aka hau, aka duba, aka buga ganga. Amma abin da ɗan aiken Bulama zai iya hawa, kowa ma zai iya. A ƙasar da ba ta da tudu, ga wuri guda da mutum zai tsaya ya hango fadama har ƙarshenta, ya hango hasumiyar masallatai a nesa. Wa zai ƙi? Hoton farko da ya shiga waya shi ya kira sauran. Da sallah jiragen inji suka riƙa ɗebo samari da 'yan mata daga Nguru. Angwaye da amare suka mai da shi wurin hoto. Aka ce ai hawa dutse ba shiga tsibiri ba ne, tun da ba a yanki ciyawa ba, ba a kama kifi ba. Na san za a ce shamuwa ba ta gudun mutum, a tsakar gari ma tana sheƙa. Gaskiya ne, amma a kan bishiya, sama da kawunanmu. Ba ta saba da mutum ya tsaya a kanta yana leƙa ƙwanta ba, balle ya ɗaga ɗanta da hannu ɗaya yana riƙe da waya da ɗayan. Suka ragu, suka ragu. Damina uku ke nan ba shamuwar da ta kai kara ko ɗaya saman dutsen. Wasu na ganinsu yanzu a kan ƙarfen sabis na waya a bakin titi.

Abin da ban hango ba ina rubuta wasiƙata shi ne, shamuwa ce ke rufe tsibirin. In ba ta sauka ba, babu ranar rufewa. Damina uku ke nan yana buɗe. Ana yankar ciyawa tun tana ɗanya, ana kwasar ƙwan dinya a kwano a kai kasuwa, an sare goruba da yawa an yi gawayi. Bara na haye na zagaya, ciyawa ba ta kai mini gwiwa ba, ledoji ne maƙale a ƙaya suna kaɗawa. Ban ji kukan gauraka ko sau ɗaya ba.

Nakan zauna in tambayi kaina me Kawu zai ce da zai leƙo ya gani. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ina jin zai tsaya a gindin tsanin, ya girgiza shi da hannu ya ji ƙarfinsa, ya yaba wa mai waldar, domin yana girmama aikin da aka yi da kyau. Sannan ya nemi a karanta masa abin da ke jikin allon, tun da bai yi boko ba. Wannan wurin ne tunanina kan tsaya, domin na san ni zai miƙa wa ya ce, 'yar boko, me aka rubuta? Wani lokaci kuma haushinsa nake ji, ba zan ɓoye ba. Damina biyu Allah ya ba shi yana ganin ƙafafunsa na kumbura. Safiya ɗaya ta ishe shi ya ɗauki mutum guda a kwalekwale. Ya tsare hanyar nan daga kowa, har ya tsare ta daga mutumin da ya kamata ya gaje ta. Shi ya ƙi buɗewa ko kaɗan, mu muka zo muka buɗe gaba ɗaya, tsakaninmu tsuntsaye suka tashi.

Watan jiya aka yi zaman da na ambata, a ƙofar gidan Bulama, bayan la'asar. Wanda ya kawo maganar rabon shi ne Alhaji Sani, ɗan kasuwar shinkafa a Nguru, wanda kakansa ya zo daga Kano, mahaifiyarsa kuma 'yar garinmu ce. Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa ba shirme ba ce. Ya ce ciyawar kacala ta cinye gonakin fadama, ta toshe hanyoyin ruwa, samari ba su da inda za su sa fartanya, suna ta ficewa zuwa birni. Ga ƙasa mai kyau a gabashin tsibiri tana zaune. A yanka wa kowane gida, shi zai kawo injinan ban ruwa. "An bar wurin ne saboda tsuntsu," in ji shi, "tsuntsun kuma ya bar mana. Wa muke yi wa gadi?"

Bulama ya san na aiko da roƙo, sai ya ba ni dama. Na miƙe daga gefen mata. Na ce a cire tsanin, a rufe tsibirin daga ruwan farko ko da ba a ga shamuwa ba, a ba su damina biyu a gani ko za su dawo. In ba su dawo ba, a yi abin da gari ya so.

Alhaji Sani ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba. "Malama, ba ke ce kika rubuto a kafa ba? Har yanzu ina da kwafin. Hausar ta yi daɗi ƙwarai."

Aka bushe da dariya. Na ce ni ce, kuma na yi kuskure. Sai wani dattijo, abokin Kawu tun suna yara, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi ba zai zauna yana kallo a tumɓuke abin da ke ɗauke da sunan mamaci ba, wannan cin fuska ne ga wanda ba ya nan ya kare kansa. Kawuna suka riƙa gyaɗawa. Na koma na zauna. Sunan da na liƙa don in girmama Kawu shi ne ya zama katangar da ta kare tsanin.

Ya Falmata ba ta saba magana a taron maza ba, amma ta yi gyaran murya daga inda take zaune. "Bulama, Allah ya ba ka nasara. Ni na zauna da mutumin nan tun gashina na baƙi. Tsanin rumbu ma in ya sauko sai ya kwantar da shi ya kai bayan ɗaki. Ku ne kuka fi ni saninsa?" Na ɗauka maganar ta shiga. Sai dattijon nan ya ce, "Ya Falmata, baƙin ciki ne ke sa ki faɗi haka, Allah ya ba ki haƙuri." Aka amsa da amin, aka wuce maganarta kamar ta roƙi addu'a ne.

Kafin magariba aka yanke. Tsani yana nan. Bayan kaka za a ja igiya a raba gabashin tsibiri gida-gida. Dutsen da abin da ke gindinsa an bar wa shamuwa, in sun ga dama.

Na koma Gashuwa ina tafasa. Na san inda shagon mai waldar yake, kuma aikin safiya ɗaya ne ya yanke abin da ya kafa. Na kai har bakin layinsu, ina hango tartsatsin wuta, na juyo. Kawu bai taɓa buɗe tsibirin nan da kansa ba, bai taɓa rufe shi da kansa ba. Shi dai ya ga abin da ya gani, ya zo ya nuna wa gari, gari ya buga ganga. In na sa aka sare tsanin a ɓoye, na mai da tsibirin nawa ke nan, na riga Alhaji Sani yankar rabona. Gari ya yanke, kuma a ganina ya yanke ba daidai ba, amma garin ne mai wurin. Wannan ne ya fi komai ci mini rai, cewa abin da Kawu ya koya mini shi ne ya ɗaure mini hannu.

In na auna abin da ya rage na Kawu Maina bayan shekara bakwai, ba shi da yawa. Hanyar da ya sani tana nan a jikin dutse, amma ta zama kamar rubutun da ba mai karanta shi. Tsuntsayensa sun koma bakin titi. Ranar buɗi ta zama labarin da za mu riƙa ba 'ya'yanmu suna hamma. Abin da na ga ya saura ɗan kaɗan ne, a wurin zaman na lura da shi: duk tsawon musun nan, ba bakin da ya iya furta a sayar. Raba aka ce, kowane gida da nasa, har gidan gwauruwar da ba ta da mai yi mata noma. Ban sani ba ko wannan kunyar za ta kai shekara nawa bayan an ja igiya. Amma dai ranar tana nan, kuma na san inda aka koyo ta.

Abu ɗaya na koma na roƙa. Na durƙusa gaban Bulama na ce a ba iyalan mamaci allon. Ya ce tsani na gari ne, amma suna na masu shi ne, in matarsa ta ce a cire, ba wanda zai ce an ci fuska. Ranar Asabar da ta wuce muka haye ni da Ya Falmata. Wannan ne zuwanta na farko tun da aka kafa tsanin. Ta ɗaga kai ta bi shi da kallo har sama, ba ta taɓa shi ba. Na tsuguna da filaya ina fama da wayar da ta yi tsatsa, wasu samari biyu suna can sama suna ɗaukar bidiyo, ɗaya ya leƙo ya ce, "Hajiya, ku hau mana, ba wuya!" Ta ce, "Na ji, ɗana, na gode."

A hanyar dawowa allon na kan cinyarta, tana jujjuya shi tana ƙwanƙwasawa da farce. Na tambaye ta ko za ta rataye shi a ɗaki.

"A ɗaki in yi me da shi? Ba karatu na iya ba. Ƙarfe ne mai kyau, kin gani. Tunku ya dame ni, ya cinye mini 'yan tsaki huɗu ta ƙofar akurki."

Da muka isa gida ba ta ko sha ruwa ba. Ta kora kazar da sauran 'yan tsakinta ciki, ta jingina allon a bakin akurkin, ta tokare shi da guntun turmi. Ya rufe ƙofar daidai, kamar an auna.